Yadda Ake Tafiyar da Cibiyar Hawan Doki ta Masu Buƙata ta Musamman a Lokacin Annoba

Tun ranar 11 ga Maris 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, masu riƙe da ƙungiyoyin agaji da ke ɗora masu buƙata ta musamman a kan doki domin lafiyarsu suka yi ta maimaita tambaya guda: in an ce a rufe ƙofa, da me za a fara, kuma yaya za a sake buɗewa ba a jefa kowa cikin haɗari ba?

Abu biyu ne suka sa lamarin ya yi tsauri. Kuɗin shiga yana tsayawa ranar da aka daina darasi, amma doki ba ya daina ci. Sannan aikin kansa na kusanci ne: mahayi guda yakan buƙaci mai jan doki da mutum biyu a gefensa, hannunsu a jikinsa. A kan waɗannan biyun aka jera matakan da ke ƙasa.

1. Ku san matsayinku a wurin hukuma

Kafin komai, ku rubuta wa hukumar lafiya ta yankinku tambaya uku, ku nemi amsa a rubuce. Shin masu ciyar da dabbobi suna da izinin fita lokacin dokar kulle? Darasin hawa a wane rukuni yake, wasanni ko kiwon lafiya? Zaman da likitan motsa gaɓɓai mai lasisi yake yi da majinyaci a kan doki fa, hukuncinsa ɗaya ne da na darasi? Sau da yawa amsar ukun takan bambanta. Duk wanda zai riƙa zuwa barga a ba shi takarda mai sa hannun shugaban ƙungiya, ɗauke da sunansa da aikinsa.

A ranar kuma a kira kamfanin inshora, a tambaye shi ko yarjejeniyarku ta haɗa da cututtuka masu yaɗuwa, da sharuɗɗan da zai gindaya kafin a dawo aiki. Cibiyar da ke ƙarƙashin wata uwar ƙungiya, kamar PATH International a Amurka ko RDA a Birtaniya, ta duba ƙa'idojin da uwar ƙungiyar ta fitar. Inda suka saɓa da na hukuma, a bi wanda ya fi tsauri.

*Hattara:* takardar da iyaye ke sa wa hannu cewa sun san haɗarin ba ta wanke ƙungiyar da ta karya dokar hukuma. Lauya ya duba ta kafin a raba.

2. Lissafin mako 13

A makon farko kwamitin amintattu ya zauna, ko ta waya ne, ya fitar da jadawalin kuɗi na mako 13, wato wata uku: abin da ke asusu yau, abin da tabbas zai shigo, da abin da zai fita kowane mako. Alkawarin baki ba ya shiga layin "tabbas".

A kasa abin da ake kashewa gida uku. Na farko shi ne wanda ba a taɓawa: ciyawa, ruwa, gyaran kofato, likitan dabbobi, inshora, da albashin masu kula da dawaki. Na biyu shi ne wanda ake iya neman sassauci a kansa, kamar haya da biyan bashi. Na uku a dakatar da shi nan take: sabon gini, sayen kaya, tafiye-tafiye, da bukukuwan tara gudummawa da aka riga aka kama wa zaure.

Ciyawa ita ce babbar, don haka a lissafa ta da kilo. Doki yana cin busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a kullum. Mai kilo 500 zai ci kilo 7.5 zuwa 10. A ce kuna da dawaki 8 irinsa: kilo 80 ke nan a rana, kilo 2,400 a wata, kilo 7,200 a kwana 90, sannan a ƙara kaɗan saboda wadda ake tattakewa. Ku ninka kilon wata guda da farashin da kuke saye, ku haɗa da kuɗin wata na sauran kayan gida na farko, ku raba da yawan dawaki. Abin da ya fito shi ne kuɗin riƙon doki guda a wata. Ku haddace shi, domin da shi za ku nemi taimako.

*Hattara:* kuɗin da aka bayar don wani aiki takamaimai, kamar tallafin karatun yara goma ko gina dandamalin hawa, haramun ne a juya shi zuwa sayen ciyawa sai da yardar mai shi a rubuce. Ku nema. Masu bayarwa da yawa sukan amince in an gaya musu gaskiya da wuri, amma ba sa yafe wa wanda ya taɓa kafin ya tambaya.

3. Ku raba ma'aikata gida biyu

Babban abin tsoro shi ne mutum ɗaya ya kamu, a killace duk masu kula da barga rana guda, dawaki su rasa mai ba su ruwa. Maganinsa a yi rukuni biyu da ba sa haɗuwa ko kaɗan, kowanne da ranakunsa, a kuma ajiye mutum biyu a gida da suka san aikin, waɗanda za a kira in rukuni ɗaya ya faɗi. Miƙa aiki ta waya ko ta allo ake yi.

A ƙofar ɗakin kowane doki a manna takarda: sunansa, hotonsa, abincinsa da awo, magungunansa, halinsa, wanda yake shiri da shi a fili da wanda ba ya shiri da shi, da lambar likitan dabbobi. A rubuta ta yadda wanda bai taɓa shiga bargar ba zai iya ciyarwa daidai.

'Yan sa-kai masu yawan shekaru, da masu ciwon suga ko na zuciya ko na huhu, a roƙe su su zauna a gida. Da yawansu su ne ƙashin bayan cibiya, kuma za su ji zafin hakan. A ba su aikin da za su yi daga ɗaki: kiran iyalai, rubuta wasiƙun godiya, bin sawun masu ba da gudummawa.

4. Dokin da ya daina aiki

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a ci gaba da ba doki hatsin da yake ci lokacin da yake darasi kullum. Ƙarfin da ba a ƙone shi ba yakan koma ƙiba, ko kumburin cikin kofato, ko sandarewar tsoka ranar da aka dawo da shi aiki, ko kuma tsabar rawar kai. A rage hatsi daidai da raguwar aiki, a bar ciyawa da ruwa da gishirin lasa yadda suke. Ruwa kuwa, doki yakan sha lita 20 zuwa 40 a rana, fiye da haka in ana zafi.

*Hattara:* in ƙarancin kuɗi ya sa za a sauya irin ciyawa ko abinci, a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana cakuɗa sabo da tsoho. Sauyin dare ɗaya yana kawo murɗar ciki. Kada kuma arha ta ja ku ga ciyawa mai fumfuna ko ƙura.

Abubuwan da ba a ɗagawa ko da kuɗi ya yi ƙasa: gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8, alluran rigakafi, maganin tsutsar ciki bisa shawarar likita, da duba haƙora. Mai gyaran kofato ya yi aikinsa a waje, mutum ɗaya ya riƙe masa.

Kowa a rukunin ya san alamun lafiyar doki yana hutawa: zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi wajen 8 zuwa 16. Dokin da ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana neman birgima, ko ya daina kashi, a kira likita a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Dokin irin wannan aiki ba ƙarfinsa aka saya ba, haƙurinsa ake so, kuma haƙurin nan horo ne da ke dusashewa. Sau uku a mako aƙalla a fita da shi kilisa ko a ja shi da ragama, a tsayar da shi a dandamalin hawa, a tura keken guragu kusa da shi, a jefa ƙwallo ta gefensa, mutum biyu su jera da shi dama da hagu. A riƙa zuwa masa da takunkumi a fuska tun yanzu har ya saba.

5. Neman kuɗi

Ku fara da iyalan da suka riga suka biya kuɗin zango. A ba su zaɓi uku a sarari: a mayar musu, a ajiye musu zuwa lokacin buɗewa, ko su bar wa ƙungiya kyauta. Kada a matsa wa kowa, domin wasunsu aikinsu ya tsaya.

Sai tallafin gwamnati, inda akwai shi. A 2020 Amurka ta buɗe bashin PPP ƙarƙashin dokar CARES, wanda ƙungiyoyin agaji suka cancanta, kuma ana yafe shi in an kashe shi bisa ƙa'ida, galibi a kan albashi. Birtaniya ta riƙa biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikacin da aka ajiye a gida, har zuwa fam 2,500 a wata. Irin waɗannan shirye-shirye suna da wa'adi, wani lokacin kuɗin ma yakan ƙare, saboda haka takardar rajista da bayanan albashi da rahoton asusu su kasance a haɗe wuri guda tun kafin a buƙace su.

Ga jama'a kuwa, roƙon "ku taimaka mana" ba ya motsa mutane kamar adadi. Ku ce riƙon wannan doki na wata guda kaza ne, ciyawarsa ta mako kaza ce, gyaran kofatonsa kaza ne. Ku nemi masu ɗaukar nauyin doki wata-wata, kuna aika musu hotonsa da labarinsa. Hoton mahayi ko bayanin lalurarsa ba ya fita sai da izinin iyaye a rubuce.

*Hattara:* kada a yi gaggawar sayar da dawaki. Samun wanda zai tsaya cak ƙarƙashin yaron da ke ihu ko fizge-fizge yana cin watanni na gwaji da horo, kuma yawancin waɗanda ake gwadawa ba sa dacewa. In nauyi ya yi yawa, gara a ba da aron ɗaya ko biyu ga amintaccen mai kiwo, da yarjejeniya da ta faɗi wa ke biyan likita da ranar dawowa.

6. Kada zumunci ya yanke

Ga mahaya da yawa, awar darasin nan ta mako ita ce fitarsu guda, kuma yaron da rayuwarsa ta ginu a kan tsari yakan rikice in tsarin ya rushe. Kowane iyali a ba shi mutum ɗaya da zai riƙa kiransa, a rana da lokacin da aka saba darasinsa in zai yiwu. A tura gajeren bidiyo na dokin da yake hawa, ana kiran sunan yaron a ciki. In doka ta yarda, a shirya ziyarar cikin mota: iyali su zo, a jawo dokin kusa da taga, ba mai sauka. Motsa jiki na gida kuwa likitan da ya san yaron ne zai tsara, ba malamin hawa ba.

7. Gyaran wuri da tsafta

Cutar numfashi ta fi kama mutane a rufaffen wuri, don haka haɗarin ya fi yawa a ofis da ɗakin sirdi da ɗakin jira da banɗaki fiye da filin hawa. A rufe ɗakin jira, iyalai su jira a mota har a kira su. Ɗakin sirdi mutum ɗaya a lokaci guda. In filin mai rufi ne, a buɗe ƙofofinsa duka. In akwai na waje, shi ya fi. Hanyar shiga daban, ta fita daban.

A sa wurin wanke hannu a ƙofa da bakin fili: sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, ko man tsaftace hannu mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa sama. Man nan yana kama wuta, a nisanta shi da rumbun ciyawa.

Mariƙin ƙofa, sakata, ƙarfen dandamali, famfo da kayan wasa na roba, a fara wanke dattinsu da sabulu, domin ƙura da kashin doki suna kashe ƙarfin magani. Sannan a goge da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100. In bilic ɗinku mai kashi 5 ne, awo 1 a cikin awo 49 na ruwa, wato mililita 20 a kusan lita ɗaya. A bar shi jiƙe aƙalla minti ɗaya, a kuma haɗa sabo kowace safiya.

*Hattara:* bilic ba ya haɗuwa da wani sinadarin wanki, kuma ba a zuba shi a kan fitsarin doki da ya taru, saboda iskar da ke tashi guba ce. Ba a sa shi a sirdi ko linzami na fata: yana busar da fata ya cinye ɗinki, kuma igiyar likkafa ko majanyin sirdi da ya tsinke ana cikin tafiya ya fi cutar kusa. Fata sabulunta ake sa mata. Mafita ita ce a sayi igiyar linzami ta roba mai ƙugiya, wadda ake cirewa a wanke bayan kowane mahayi, a kuma shimfiɗa mayafin da ake wankewa a kan sirdi.

Hular kwano ta fi kyau kowa da tasa, ko a ware masa guda da sunansa har ƙarshen zango. Da ruwa da sabulu mara ƙarfi ake goge ta, domin sinadarai masu zafi suna raunana abin da ke cikinta ba tare da ido ya gani ba.

8. Buɗewa daki-daki

Nan ne shawara ta fi ɗaci. Ana buɗewa ne bisa yawan hannun da mahayi ke buƙata, wanda ke nufin waɗanda suka fi buƙatar cibiyar su ne za su dawo a ƙarshe. A faɗa wa iyalansu wannan tun farko, da dalilinsa, kada su ji a bakin wasu cewa an buɗe ba a kira su ba.

Zagaye na farko: masu hawa da sauka da kansu, da ayyukan ƙasa kamar sharce doki da jan sa. Na biyu: masu buƙatar mai jan doki kaɗai. Na uku: masu buƙatar mariƙa a gefe. Na huɗu: waɗanda sai an ɗaga su daga keke zuwa sirdi. A bar aƙalla mako biyu tsakanin zagaye da zagaye, domin korona takan ɗauki har kwana 14 kafin ta nuna, kuma sai an ga abin da zagayen baya ya haifar.

Dalilin jinkirta na uku a fili yake. A 2020 CDC, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, ta ɗauki wanda ya yi jimillar minti 15 cikin awa 24 a tazarar da ba ta kai ƙafa 6 da mai cutar ba a matsayin wanda ya cuɗanya da shi. Mariƙin gefe yana yin rabin awa kafaɗarsa a gwiwar mahayi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a horar da 'yan gidan mahayin su yi wannan aiki, tunda dama tare suke kwana. Horon na gaske ne, da doki, ba tare da yaron ba: yadda ake ɗora hannu a kan cinya ana riƙe da gaban sirdi, yadda ake riƙe idon sawu, inda ake tsayawa daidai gwiwar mahayi, da yadda ake sauke shi cikin gaggawa. A gaya musu kada su jingina gwiwar hannu a bayan doki, yana masa ciwo. A kuma gaya musu, cikin ladabi, su bar malami ya yi magana. Uwa takan so ta maimaita umarni ko ta kama hannun ɗanta ta yi masa, alhali daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya amsa da kansa su ne darasin. Jan doki kuwa ba a ba iyaye, aikin wanda ya san dokin ne.

Ma'aikata da 'yan sa-kai su sa takunkumi. Ba a tilasta shi ga ƙaramin yaro, ko mai wahalar numfashi, ko wanda ba zai iya cire shi da kansa ba. Mai karanta leɓe a yi masa magana da takunkumi mai tagar roba.

*Hattara:* in doki ya firgita, ko farfaɗiya ta tashi, ko mahayi ya zame, dokar tazara ta faɗi. A faɗi wannan da baki a gaban kowa kafin darasin farko, don kada wani ya tsaya tunani a lokacin da ya kamata ya kai hannu.

Ku yi lissafin asara kafin ku buɗe. Yinin awa 6 da a da yake ɗaukar mahaya 4 kowace awa, mutum 24 ke nan. In yanzu 2 ne a darasin minti 30 da hutun minti 30 na tsafta, sun koma 12, alhali albashi da ciyawa suna nan. Kwamiti ya san daga inda cikon zai fito.

9. A sake auna kowa

Mahayin da ya tafi ba shi ne ya dawo ba. Yara sun yi tsawo, wasu sun ƙara nauyi, wasu jijiyoyin cinyarsu sun ɗaure saboda zama, wasu an sauya musu magani. A nemi sabuwar takardar likita, a tambayi batun farfaɗiya, tiyata da gyambon zama. Mai lalurar Down a tabbatar likita ya duba shi game da rashin ƙarfin gaɓar wuya ta sama. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada mahayi da sirdi su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, kilo 100 ga mai kilo 500, kuma a yi ƙasa da haka ga tsohon doki ko mahayin da ba ya iya daidaita zamansa. A sake gwada hula. Hawan farko kada ya wuce minti 15 zuwa 20.

Dokin da ya yi watanni ba nauyi a bayansa shi ma yana buƙatar makonni kafin ya koma cikakken aiki. A fara da tafiya ƙarƙashin gogaggen mahayi, a ƙara kaɗan-kaɗan, a kuma sake duba zaman sirdi, domin bayansa ya sauya.

10. Ranar da wani ya kamu

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wannan shirin a rubuta shi kafin a buɗe. Kullum a riƙe rajista: wa ya zo, ƙarfe nawa, wane doki, wa ya ja, wa ya riƙe. Da safe kowa ya amsa tambayoyin zazzaɓi, tari, da ko akwai mara lafiya a gida. Ma'aikacin da ya zauna a gida don rashin lafiya kada a yanke masa albashi, iyalin da suka soke darasi kada a caje su. In ba haka ba mutane za su ɓoye.

In labari ya zo, a dakatar da darussan rukunin da abin ya shafa, a sanar da hukumar lafiya, a fitar da sunayen waɗanda suka cuɗanya da shi daga rajista, a kira su ɗaya bayan ɗaya a ranar. Ba a faɗin sunan wanda ya kamu, ranar da lokacin kawai ake faɗa. Tsawon killacewa hukuma ce ke yankewa. Rukuni na biyu ya karɓi barga, mutum ɗaya tak ya riƙa magana da yawun ƙungiya. A takardar kuma a rubuta abin da zai sa a koma zagayen baya ko a rufe gaba ɗaya, kamar umarnin hukuma, ko kamuwar mutum biyu da ake zaton a cibiyar suka ɗauka, ko raguwar ma'aikata ƙasa da adadin da zai iya sauke mahayi lafiya, tare da sunan wanda ke da ikon yanke wannan hukunci ba sai kwamiti ya zauna ba.